Lumturi da ta ƙi ɗaga hannu

Lumturi Zeka 'yar kawuna ce, kuma ta girme ni, shi ya sa har yau da furfura ta rufe mu duka, Yaya nake ce mata. Ƙauye ɗaya aka haife mu, can saman garin Gramsh, inda kwalta take ƙarewa sai mutum ya ci gaba da ƙafa ko a kan alfadari.

Tana shekarar ƙarshe a sakandare aka kama mahaifinta, Kawu Rustem. Wata safiya a layin sayen burodi ya ɗaga burodin masara sama, ya ce ko jakinsa sai ya yi tunani kafin ya sa baki a wannan. Mutane suka yi dariya, wani kuma ya kai maganar gaba. Zamanin mulkin gurguzu ne, idan aka ɗaure mutum, sunan gidansa gaba ɗaya ya ɓaci. Babu wanda ya kai Lumturi ƙoƙari a makarantar, amma da aka zo rabon guraben jami'a, shugaban gonar gwamnati ya kira ta ofis.

"'Yar Rustem, jami'a ba ta irinku ba ce. Gobe ki karɓi diga ki bi masu sarar tudu."

"To, Kwamared," ta ce. "Ita digar ba za ta tambaye ni waye ubana ba?"

Ya ce bakinta irin na ubanta ne, ta kiyaye kada ya kai ta inda ya kai shi. Ta ce ta gode da yabo.

Haka ta shafe ƙuruciyarta tana sarar tuddai ana mayar da su gonaki hawa-hawa. Duk damina ruwa ya kwashe ƙasar ya zuba kwari, duk rani a sake sara. Abin ya tsaya mata a rai. Ta kan tsaya da taɓo har gwiwa tana kallon jan ruwa yana gangarawa, ta ce mini, "Nesti, akwai dalilin wannan abin, kuma wallahi sai na san shi." A nan ta auri Petrit, makanikin tarakta, mutum mai sanyin hali, wanda shi kaɗai bai ji tsoron neman 'yar fursuna da aure ba. Suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Da mulkin ya faɗi, Kawu Rustem ya dawo babu haƙori ko ɗaya, bai daɗe ba ya rasu. Ana gama zaman makoki Lumturi ta ce Tirana, babban birni, za ta tafi karatu. Ta haura talatin a lokacin. Surukarta ta dafe kai.

"Ke da 'ya'ya biyu za ki je ki zauna cikin yara? Me za a ce?"

"Inna, me ya rage da ba a ce ba? An ce mana maƙiyan al'umma, mun rayu."

Petrit ya sami aiki a wani gareji a bakin gari, suka kama ɗaki ɗaya. Da asuba tana gasa burek, wani irin burodi mai cuku a ciki, ta sayar a tashar mota, da hantsi tana aji. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Gwaggo. Ba ta damu ba, ta ce Gwaggo ce za ta zo ta ɗaya, kuma ta zo. Ilimin ƙasar noma ta karanta, ta je Italiya ta ƙaro, ta dawo ta koyar har ta kai farfesa. Ɗalibanta ba su san zaman aji sosai ba, kullum suna bisa tudu da takalman roba, tana gaba suna haki a baya.

Wata shekara ana shirin zaɓe, Bujar Kondi, shugaban jam'iyya na yankinmu, ya gayyace ta shan gahawa. Ina wurin, don ni na kai ta a mota.

"Farfesa, jam'iyya na bukatar mata masu ilimi irinki."

"Bujar, ado kuke nema na rataya a bango. Ni kuma magana nake yi."

"Ai maganar muke so, Farfesa!"

"To, kada ka manta kai ka faɗa."

Suka tsayar da ita takarar majalisa, ta ci zaɓe. Ƙauyenmu aka yanka raguna, aka yi rawa har tsofaffi. Shekarunta na farko a majalisa sun tafi lafiya, ta samo mana gyaran hanya, ta sa aka dasa itatuwa a tuddan da ta sara da hannunta. Sai aka kawo dokar da za ta ba wani kamfani dutsen da ke saman ƙauyukanmu ya fasa ya yi siminti. Daga ƙarƙashin dutsen nan maɓuɓɓugarmu take fitowa. Lumturi ta bi 'yan jam'iyyarta ɗaya bayan ɗaya tana bayani, kowa ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, amma umarni daga sama ya zo. A taron 'yan majalisar jam'iyya aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. Ita ta naɗe nata a ƙirji.

"Farfesa, hannunki ciwo yake?" in ji Bujar.

"Lafiyarsa lau. Shi ya sa nake lallaɓa shi."

Ranar muhawara muna shagon gahawa na ƙauye, kowa ya zuba wa talabijin ido. Ta miƙe da baƙar rigarta, ta faɗi abin da zai sami ruwan da gonakin idan aka fasa dutsen. 'Yan jam'iyyarta suka fara buga tebur. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ta koma gona. Ta juya ta nemo shi da ido.

"Zan koma, ɗana, na san hanya. Kai ne ban san inda za ka koma ba idan aka gama da kai."

Shagon ya ɗauki ihu, wani tsoho ya zubar da gahawarsa a wando. Amma dokar ta wuce. Ƙuri'arta kaɗai ce ta fita daban a ɓangarensu, kuma kafin mako ya zagayo an kore ta daga jam'iyya.

Zaɓe na gaba ta tsaya da kanta, ta sha kaye. Har a ƙauyenmu da yawa ba su zaɓe ta ba, don kamfanin ya yi alkawarin aiki, samari kuma sun gaji da tafiya ƙasar Girka tsinkar 'ya'yan itace. Ɗana ma motar kamfanin yake tuƙawa. Na je gidanta ina jin nauyin faɗa mata, sai ta riga ni.

"Na sani, Nesti. Yaro yana da iyali. Faɗana ba da shi ba ne."

Ta koma koyarwa, ta kuma tara mutanen ƙauyuka uku suka kai ƙara kotu. Shari'ar ta ja shekaru. A ƙarshe aka hana kamfanin taɓa gefen da maɓuɓɓuga take, ɗaya gefen kuwa an riga an cinye shi, daga nesa kana hango farin rami kamar an yanki dutsen da wuƙa. Ruwan ya ragu, amma yana zuwa. Petrit ya rasu ana tsakiyar shari'ar, bai ga hukuncin ba.

Bara a wani biki a Elbasan muka haɗu da Bujar, ya tsufa, jam'iyyar ta daɗe da ajiye shi. Ya zo teburinmu da kofinsa, ya ce abin da ya wuce ya wuce, Farfesa. Ta matso masa kujera, ta zuba masa nama a faranti, ta tambayi lafiyar matarsa. Sannan ta ce masa kamfanin ya ɗaukaka ƙara, ana bukatar shaidar wanda ya san yadda aka yi dokar tun daga farko. Bujar ya ce zai yi tunani.

"Yi tunaninka," ta ce. "Zaman kotun ranar Talata ne. Nesti zai biyo ya ɗauke ka."