Ustaza Rakiya ta tafi ba ta ji ƙarshen littafin ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ustaza Rakiya ta rasu.

Ina tsaye a kicin ɗin masaukin ɗalibai ina jiran ruwan shayi, sai ga kiran Nafisa, ƙawata tun ajin farko na sakandare. Daga yadda ta yi sallama na san ba lafiya ba, don Nafisa ba ta san sallama ba, da tsiya take buɗe baki. Ruwan ya tafasa har ya ƙafe a butar ina tsaye ban sani ba.

Ku yi haƙuri da rubutun nan. Yadda ya zo haka zan zuba shi.

Ga wanda bai san ta ba, malamar Turancinmu ce a makarantar 'yan mata a Gadarif. 'Yar gajeruwa, kullum cikin farin tob, lulluɓin nan irin na malamai, bakinsa ya sha taɓon garinmu har ya daina fita da wanki. Ita ce silar zuwana Turkiyya karatun adabin Ingilishi.

Eh, na sani. Adabin Ingilishi a Turkiyya. An yi mini wannan dariyar har na ƙoshi. Wani kawuna cewa ya yi kamar mutum ne ya bar Hawata da ke bakin kogi ya tafi duwatsun Ƙala'at an-Nahal neman kifi. Da na kai wa Ustaza ƙara, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Inda aka buɗe miki ƙofa nan za ki shiga, ya bitti, 'yata. Da ni aka buɗe wa, wallahi ko a ƙafa da na tafi."

Ita ba ta taɓa wuce Khartum ba.

Shekara da shekaru tana koyar da waƙoƙin dusar ƙanƙara da hazon bakin teku, mu kuwa muna zaune muna fifita da bangon littafi, gumi yana bin bayanmu. In muka dame ta da tambayar yaya dusar take, sai ta ce, "Ku je ku leƙa firjin mai shago, halas, ku bar ni in yi darasi."

Ajinmu gauraye yake, da Larabci take bayani. Amma in ta ga mun ɓace, mu 'yan Hausa da ke layin baya, sai ta jefo mana kalma ɗaya da Hausa ƙasa-ƙasa, ta ci gaba kamar ba ita ba.

Akwai wani littafi da ba ya cikin manhaja, nata ne na kanta. Wani malami ɗan Habasha ne ya bar mata shi tun tana sabuwar malama. Duk Alhamis, darasin ƙarshe, shi take karanta mana. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne da gidan gadonsu da ake neman a raba su da shi. Guda ɗaya ne tal a makarantar, kuma gara ta cinye shafukan ƙarshe. Labarin yana yankewa daidai inda aka buga ƙofa, ƙaramar ta ɗauki fitila ta nufi zaure.

In ta kai nan sai ta rufe, ta ce kowa ta kawo nata ƙarshen. Nafisa kashe kowa take yi, har karen gidan. Ni kuwa kowa sai na sama masa miji ko mata, don ban ga dalilin da za a tashi labari ana kuka ba.

Mun ɗauka ta san ƙarshen, ja mana rai kawai take yi. Ashe ita ma ba ta sani ba. A haka ta same shi, a haka ta koyar da shi, aji bayan aji.

Da gurbin karatu ya fito mini, Baba ya ce sam. Direban tarakta ne a gonakin kudu da gari, kuma a wurinsa karatu likita ne ko injiniya, sauran duk zaman hira ne. Ya ce ba zai tura 'yarsa ƙetaren teku ta koyo tatsuniyar Turawa ba.

Ban roƙi Ustaza ta sa baki ba, kuka kawai na je na yi mata. Sai ji na yi ta hau motar kaya ta bi shi har gona, a tsakiyar damina. Wanda ya san taɓon Gadarif ya san abin da nake faɗa. Takalminta ɗaya can ya tsaya, ba a gan shi ba har yau. Baba ya ce ya hango mace cikin farin tob tana tahowa da ƙafa ɗaya a takalmi, ya ɗauka mutuwa aka yi a gida.

Shi ya ba ni labarin da bakinsa daga baya. Ta ce masa, "Ya Hajj, 'ya'yan garin nan nawa na koya wa Turanci da abin da ni ma na tsinta a hanya? Ka ba ni aron wannan ɗaya ta je ta sha daga rijiyar, ta dawo ta karɓe ni. Na gaji."

Baba ya ce, "Ustaza, in ta tafi ba ta dawo ba fa?"

Ta ce, "Ni zan dawo maka da ita."

Ya sa aka yi mata shayi, ya ba ta silifas ɗinsa ta koma da su.

Ganinmu na ƙarshe ana jibi zan tafi ne, a tsakar gidanta, bayan la'asar. Ta soya bunni, wato 'ya'yan gahawa, da kanta, ta dafa jabanar gahawa da citta, ta hana ni taɓa komai. Ta ɗaure mini kantun riɗi da busasshiyar kuɓewa a leda, ta ce can ba su san miya ba. Sai gyara mini lafazi take yi, ina faɗin kalma tana cewa, "Sake. Kada ki je ki ba ni kunya a gaban mutane."

Da na miƙe ta rako ni har bakin titi, ta tsayar mini da raksha, keke mai ƙafa uku. Ta ce, "Yalla, tafi. Ba na son kuka a ƙofar gidana." Da muka sha kwana na waiwaya, tana nan tsaye ta ja tob ta rufe fuska.

Da na san shi ke nan, da na sauko.

Sanyin farko da na yi a nan, ina yawo a laburare don ɗumi kawai, sai idona ya faɗa kan littafin. Cikakke, har bangon baya. A tsaye na karanta shafukan da gara ta ci. Na fita waje da gudu na kira ta, dusar ƙanƙara tana zuba a kan wayar.

Na ce, "Ustaza, na samo shi! Kin san wa ya buga ƙofar?"

Ta daka mini tsawa kamar ina aji. "Uskuti! Yi shiru! Kada ki kuskura. Tun kafin a haife ki nake jira, ba a waya zan ji shi ba. Ki kawo shi, ki zauna a gabana ki karanta mini da sabon Turancinki."

Na ce to ai Nafisa za ta iya sauke mata shi a waya yau ɗin nan. Ta ce, "Na sani, ba a daji nake ba. Ke nake jira, Sa'adiyya."

Sannan ta ce in juya kyamara ta ga dusar. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ashe ba ta yin ƙara."

Tun daga nan ban samu zuwa gida ba. Da farko kuɗin jirgi, daga baya kuma kun san yaƙin da ya faɗa wa ƙasarmu. Makarantarmu ta cika da waɗanda suka gudo, iyali guda a kowane lungu na aji. Ustaza ta kwashe yaransu ta koma da su gindin bishiya, tana turo mini muryarsu suna rera haruffa. Ni kuma ina tura mata labarin lacca, da malamin da ba ya dariya, da wasan kwaikwayon da aka sa ni na fito a sarauniya da lulluɓina. Wannan kam ta sa na maimaita mata shi har na gaji.

Sa'o'inmu duk sun watse, wasu Masar, wasu Saudiyya. Ni ma na fara maganar tsayawa digiri na biyu. Ba ta hana ni ba. Ta ce, "Kwayyis, ya yi kyau. Amma ki gama wannan tukuna, ki zo in gan ki, ki karanta mini. Bayan nan ki tafi duk inda Allah ya kai ki. Riɗi dai in ya nuna yanka shi ake yi, in an bar shi a tsaye ƙasa ce ke cin rabonsa."

Na sayi nawa kwafin a wurin masu tsofaffin littattafai. Yana cikin akwatina. Kuma gaskiya, ƙarshen nan bai kai waɗanda muka ƙirƙira a aji daɗi ba, ko na Nafisa ya fi shi. Abin da nake ta ɗoki shi ne in ga fuskarta lokacin da za ta ce, "Bas? Shi ke nan?"

Da safen nan, da na samu bakin magana, na tambayi Nafisa ƙarfe nawa za a kai ta, don in tsaya in yi mata addu'a daidai lokacin.



Ta ce an kai ta tun makon jiya. Har an tashi zaman makoki, an naɗe tabarmi.

Ashe ta daɗe a kwance. Ashe gari duk ya sani ban da ni. 'Yan ajinmu sun buɗe wani gurup babu ni, a can suke gaisuwar mutuwa, su dawo namu suna yi mini fatan sa'a a jarrabawar ƙarshe da nake rubutawa. Babu wadda ta sa hotonta a shafinta. Saƙonnin muryar da nake tura mata in ga an saurara, ƙanwarta ce ke buɗewa don kada in yi zargi. Inna ma, Innata, ranar Juma'a cewa ta yi mini, "Ustaza tana gaishe ki."

Na san haka ake yi a wurinmu, ba a kai wa matafiyi mugun labari yana tsakiyar abin da ya fitar da shi. Ni ma an yi da ni a kan wasu. Amma wallahi yau na ji zafinsa. Na yi wa Nafisa faɗan da ban taɓa yi mata ba, ta bar ni na gama.

Sannan ta ce, "Ba mu ba ne, Sa'adiyya. Ita ce. Ta tara mu a bakin gadonta ta ce duk wadda ta gaya miki kafin ki ajiye alƙalamin imtihan, ki gama jarrabawarki, ba ta yafe ba."

Na tambaye ta ko ta ambaci littafin. Ta ce a'a. Abu ɗaya take tambaya duk wanda ya shigo, har muryarta ta daina fita sai an kara kunne: "Saura mata takarda nawa?"

Jiya na rubuta ta ƙarshe, Ustaza. Babu saura. Na gama.

Ina kewarki, ina kewar tsawarki, ina kewar gida, kuma ban san yadda zan shiga layinku in ga ƙofar nan a rufe ba.

Ya Allah, ga baiwarka Rakiya ta zo gare ka. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi. Duk harafin da ta koya wa 'yar wani ka sa ya zame mata sadaka mai gudana. Ka ba ƙanwarta da mu ɗalibanta juriyar rashinta.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. 'Yan Gadarif kuma, wanda ya riga ni zuwa maƙabarta ya yi mata sallama a madadina, kafin in iso.