Jinin da Muka Ɗauka na Balaga ne

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa a Malanvil. Yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, amma in na tuna shi har yau ƙane nake.

Shi masunci ne, ni mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. Babanmu ne ya yi rabon: Hamidu ya samu jirgi da taru, ni aka miƙa ni lakwal don hukuma, mai tilasta sa yara a makaranta, ta bar gidanmu ya huta. Muna yara a bakin Kwara, duk wanda ya fara fitsarin jini sai a ce ya zama namiji. Tsofaffi na kiransa balagar maza. Hamidu ya ga nasa da wuri, ya ishe ni da gori. Ni da benci ya hana ni wankan kogi, har kuka na yi don nawa ya ƙi zuwa.

Jinin ya dawo masa yana magidanci mai ɗiya biyar, zamanin da soja ke mulki, muna sa yara rera waƙar juyin juya hali kowace safiya. Wannan karon da zafi ya zo. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce tsargiya ce, kowa na da ita. Sai da ya kasa jefa taru na ɗauke shi a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa asibitin Paraku. A kowane shinge jandarma ya duba takardunmu da kyau. Takardun kam lafiyarsu lau. Lokotoro, babban likitan wurin, ya ɗebi ɗan nama daga mafitsararsa, ya ce za a aika jami'a a Kotonu a duba, mu koma gida mu jira.

Muka jira. Kullum na shiga sai ya ce, "Mushe, mi takarda ta ce?" In ce tana hanya. "Kai da karatunka duka, ba ka iya kiranta?" Ambulan ya iso bayan sadakar arba'in ta rasuwarsa. Layi uku ne da Faransanci mai kyau, babu kuskuren da zan ja wa jan biro: ciwon daji na mafitsara. Matarsa ta tambaye ni abin da aka rubuta, na ce sun yi mana gaisuwa.

Daga baya na karanta cewa masu bincike a jami'o'i sun daɗe da gano tsargiyar da ta kwana a jiki shekara da shekaru na iya rikiɗa ta zama wannan ciwo. Wato ilimin yana nan tun Hamidu na da rai, hanyar Malanvil ce bai sani ba. Yau kuma a wayar jikata nake ganin ana neman dabarar gano ciwon tun yana ƙarami, daga fitsari kawai, ba yanka. Ina yi masu fatan alheri da zuciya ɗaya. Amma na san abin da Yaya zai ce: "To, Mushe, wane kamiyo ka kawo shi nan?" An ce rashin sani ya fi dare duhu. Ban musa ba, sai dai sanin da babu abin yi da shi ma ba fitila ba ne.

Gaskiya an ɗan motsa. Ana raba maganin tsargiya a lakwal, kuma ba kowa ke yi wa jinin murna ba. To amma manyan da ruwa ya riga ya jiƙa, wa ke duba cikinsu?

Hamidu bai bar hoto ba. Ya bar irin ƙullin tarunsa, da 'ya'ya maza uku da ke ci daga kogi. Babbansu, Sale, ya wuce shekarun ubansa, kuma bara ya raɗa mini cewa ya ga ja. Na zaunar da shi na yi masa darasi tun daga tsutsar ruwa har mafitsara, na ce ya tafi a duba shi, ya kuma bar shiga ruwa. Ya saurara da ladabi har na ƙare.

"Na jiya, Baba," in ji shi. "Amma kifi ba shi hawowa tudu."

Ya naɗe wandonsa ya gangara kogi. Allah Ya jiƙan Hamidu, Ya tsare na baya.