Tsarabar Manoman Inabi

Shekara biyu ina faɗa wa mahaifina cewa karatun da nake yi a Landan a kan wata ƙungiyar manoman inabi ne a kudancin Faransa. Ƙarya dai ban yi masa ba. Na ɓoye masa abin da suke yi da inabin ne kawai, shi kuma bai taɓa tambaya ba, don a saninsa inabi abu ne da ake saye a leda a kai wa mara lafiya.

Baba manomin tumatir ne. Ya taɓa shugabantar ƙungiyar manoman garinmu, wadda ta watse tun ina firamare. Shi kaɗai ya tsaya mini lokacin da ƙannensa suka ce ba a tura 'ya mace Turai. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana, ko a gaban baƙi.

A bara ya zo aikin ido, ya sauka a flat ɗina, gidan haya a saman bene a unguwar Whitechapel. A ƙasa da ni akwai wani Alhaji, mutumin zangon Kumasi, mai sayar da yadi a kasuwa. Shi yake riƙe hannun Baba kullum su tafi masallaci, har suka zama kamar tare suka tashi.

Ran nan na dawo daga makaranta bayan la'asar, tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya cika ya gajiyar da ni. Na tarar da Baba zaune, ido ɗaya a rufe da auduga, sai fara'a yake. Ya ce manomana sun aiko da tsaraba, shi ya karɓa, har tukwici ya ba mai kawo kayan, Baturen yana ƙi yana tura masa. Na duba tebur. Kwali a buɗe, ga littafin tarihin ƙungiyar da na roƙe su lokacin da na je can, ga kwalabe biyu baƙaƙe a tsaye. Mutanen nan sun ga mayafina, sun ga ban taɓa kofinsu ba kwana tara, amma ba su ga abin aiko mini ba sai giya.

Sannan na lura gurbin kwalba uku ne a kwalin. Na tambaye shi ina ɗayar. Ya ce ai ba a samun tsaraba a hana maƙwabci. Da kansa ya lallaba ya sauka bene ya kai wa Alhaji, ya ce masa ruwan inabi ne daga gonar mutanen da 'yarsa ke karatu a kansu, ya ajiye don buɗe baki ranar Alhamis.

Innalillahi! Ban gama salati ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji ne, kwalbar a cikin baƙar leda, ya riƙe ta nesa da rigarsa. Ya so ya miƙo mini a ɓoye, amma Baba ya ji muryarsa ya ce ya shigo. Alhaji ya yi ta kame-kame da Hausarsa ta zango, daga ƙarshe ya ce, "Malam, wannan abin, giya ne. Yarinya bai sani ba, na tabbata."

Baba ya juyo da idonsa mai lafiya ya dube ni. "Kin sani?"

Na ce na sani.

Alhaji ya ajiye ledar a bakin ƙofa ya zame. Baba ya ce in zauna in faɗa masa komai, kada in rage. Na san abin da ke tafe: in ya ce in bar karatun nan, bari zan yi, shekara biyu ta tafi a banza, ƙannensa kuma su ce ai sun faɗa.

Na faɗa masa. Na ce tun kafin a haifi kakana, ƙananan manoma ne da cuta ta kashe musu itatuwan inabi, suka sake dasawa da ƙyar. Da amfani ya dawo sai dillalai suka riƙa jira sai an tsinke, sannan su yi tayin wulaƙanci, don sun san inabi ba ya kwana da yawa. Sai manoman suka haɗa kai suka gina ɗaki ɗaya da injin matsewa ɗaya. Har yau in kaka ta yi kowa yana kawo nasa, a auna nauyi, a gwada zaƙi, a matse, a zuba a manyan tankuna ya tsumu. Daga nan a juye a gangunan itace a ƙarƙashin ƙasa inda ke da sanyi. Na ce ni ba ruwana da abin da ke cikin gangar, yadda suka zauna tare ba su watse ba nake son ganewa.

Ya tambaya ko abin yana lalacewa in ya daɗe. Na ce wani ma ƙara daraja yake yi. Ya sa na maimaita. Ya kama baki. Can ya ce su ƙungiyarsu tumatir ne ya kashe ta: kwando ɗari a bakin titi, rana tana dukansu, kowa ya saci jiki ya je ya sayar wa dillali a bayan ɗan'uwansa kafin nasa ya ruɓe. Ya ce shekaru yana zargin mutane da rashin amana.

Na ɗauka an wuce wurin, har na fara sakin jiki. Sai ya ce, "Da kin faɗa mini, da ban ɗauki giya da hannuna na kai wa Musulmi ba, da furfurata."

Kuka na yi. Ya sa na tuttular da kwalaben uku a wurin wanke kwanuka, ya tsaya a kaina har na wanke wurin da sabulu. Kwana shida bai je masallaci ba, ya ce idon ne. Kwana shidan nan kuma "ke" kawai yake ce mini. Maganar karatu bai ce in ci gaba ba, bai ce in bari ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Ranar da zai koma, na yi booking ɗin mota, ina ɗaure masa jaka, sai ya ciro ƙullin kauɗar tumatir da ya kawo mini daga gida, busasshe, ya yi baƙi-baƙi. Ya ce mutane sun yi kyauta, ko wace iri ce, ba a yin shiru.

"Ki aika musu wannan, Uwata. Ki ce daga wani manomi ne, iyakar dabararmu ke nan. In kin gama karatun, ki zo ki faɗa mana sauran."