Na Zaɓi Inshora Mai Araha, Muka Rasa Motar Baba

A lokacin ban fi shekara da gama sakandare ba, kuma ni ke karanta wa Baba duk takardar da ta shigo gidanmu a Kazaure, don idonsa ya yi rauni. Ba ni da haƙurin dogon bayani, har yau fama nake. Da kuɗin sallamarsa daga aiki Baba ya sayi mota, yayana yana ɗaukar fasinja zuwa Babura, da ita muke ci. Ya ce shi ba inshorar nuna wa ɗan sanda yake so ba, wadda za ta gyara motar in an yi hatsari yake so. Sai ya aike ni ofishin kamfanin inshora.

Ma'aikacin ya ajiye mini tsari biyu. Ya fara bayanin cewa a kowanne akwai kason da mai mota zai biya daga aljihunsa duk ranar da aka yi hatsari, kamfani ya cika abin da ya haura. Mai tsadar kasonsa kaɗan ne, mai arahar kuwa dubu ɗari uku. Na katse shi, na ce ba wa'azi na zo ji ba, ya ba ni mai arahar. Na kawo wa Baba canji ina taƙama, ya sa hannu inda na nuna masa, ya sa mini albarka.

Da damina yayana ya kauce wa shanu ya daki kwalbati. Ba wanda ya ji ciwo, amma gaban motar ya tafi. Bakanike ya ce gyara dubu ɗari uku da arba'in ne. Kamfani ya ce arba'in ɗin nasa ne, sauran namu. Ba su cuce mu ba, ga shi nan a rubuce. Baba ya kira ni, ya tambaye ni a hankali ko an yi mini wannan bayanin. Na ce ba a yi ba. Sai ya ce ya bar ma'aikacin da Allah. Motar ta yi wata takwas a gareji kafin a sayar da ita a haka. Yayana yanzu adaidaitar wani yake ja.

Baba ya rasu bara yana riƙe da mutumin da bai yi masa komai ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki ba. 'Yan uwa, kafin ku yi murnar araha, ku tambaya nawa ne kasonku ranar hatsari, kuma ko kuna da shi. Ku bari a gama yi muku bayani. Minti biyar na kasa jira.