Sunan da na sa ɗiyata ta rubuta a takardar bak

Ni mai tuyar ƙosai ce a Bazaga, sai da na haifi 'ya'ya huɗu kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. A can malamarmu ta koya mana mu sa sunanmu a ƙasan kowace takarda don kada ta ɓace. Ranar da na fara rubuta nawa da hannuna har hawaye na yi. Tun daga nan na ɗauka takarda marar suna ba ta da mai ita.

Shekarar da babbar ɗiyata za ta zauna bak a Konni, jarrabawar nan ta shiga jami'a, tsoro ya kama ni fiye da ita. Kullum ina bin ta da tambaya, ta haddace ko ba ta haddace ba, har ta rame. Ranar tafiyarta na riƙe hannunta a tasha, na roƙe ta don girman Allah ta sa sunanta a ƙasan kowane shafi. Ta fara gaya mini an hana, na katse ta, na ce ko ni da ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, na san wannan.

Ta faɗi. Ta ce lissafi ne ya kayar da ita, ta ɗaura zane ta taya ni surfen wake. Da ta maimaita shekara, sai ta roƙe ni cikin ladabi in bar mata karatu, ni in riƙe addu'a. Ina ganinta da agogo a gaba, ta karanta tambaya sau biyu kafin ta ɗauki biro, ta bar lokacin dubawa a ƙarshe. In gabanta ya faɗi, ta ajiye biron, ta ja numfashi.

Ta ci. Ranar barka ne ƙawarta ta yi suɓutar baki. Ashe a wancan karon, ranar lissafi, ta tuna roƙona, ta rubuta sunanta a takardar. Mai gyaran jarrabawa ba a son ya san mai takarda, sai aka soke takardar. Shekara guda yarinyar nan ta rufa mini asiri. Da na tambaye ta, murmushi ta yi, ta ce ai ita ta riƙe biron, ba Inna ba.

'Yan'uwana iyaye, tsoronmu nauyi ne a hannun yaro. Abin da ba mu sani ba na jarrabawa mu tambayi malamai, kuma in ɗa ya fara bayani, mu bari ya kai ƙarshe. Ni ban bari ba, ita ta biya da shekararta.