Gudumar Baba Kumai da Albashin Masu Tuƙi a Sama

Kafin jirgin safe ya gama huci a tashar Kafanchan, Baba Kumai ya riga ya sauka gefen layi da gudumarsa mai doguwar ƙota. Ba ya gaisawa da kowa. Sai ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa, ya karkata kai ya saurara. Ƙafa mai lafiya amonta kamar ƙararrawar majami'a, wadda ta tsage kuwa sai ta amsa kamar fasasshiyar ƙwarya. Aikin ke nan, shekara talatin da ɗaya. A takardar ofis, lebura ne.

Kunnen nan shi ne jarinsa. Ran Lahadi a majami'a, bencin baya yake zama, da auduga a kunne saboda gangar zumuntar mata. Bikin 'yarsa Roseline ma daga gindin mangwaro ya kalla. Mutane suka ce girman kai ne.

Ana saura kwana uku Kirsimetin 1972, jirgin Jos ya cika har bakin ƙofa, Kumai ya buga wata ƙafa sau biyu, ya ce taragon nan ba zai tafi ba. Wani matashin ofisa ya duƙa ya leƙa, ya ce bai ga komai ba.

"Ranka ya daɗe, ido ba ya gani," in ji Kumai. "Ƙafan ya fashe a ciki."

Ya zauna a kan layi, guduma a cinya. Fasinjoji suka yi ta zaginsa ta taga. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani malamin firamare ne mai sabon kwat, za shi neman muƙamin hedimasta, ya kira shi tsohon banza. Malamin nan shi ne mai wannan rubutu. Hedimastan dai bai samu ba, kuma ba makara ce ta hana shi ba, Turancinsa masu tantancewa suka ji. Da aka cire taragon aka kankare tsatsa, sai ga tsaga, farce yana shiga. A taragon nan malamin yake zaune.

To, bana tun da aka yi ƙarin albashi, ba abin da rediyo da jarida ke taunawa sai kuɗin matuƙan jirgin sama. Sun ce rayuka suke ɗauka, kuskure ɗaya ya isa. Gaskiyarsu. Da malamin ya kai wa Kumai labarin, da niyyar ya tunzura shi, sai tsohon ya ce a biya su mana, mutumin da ke sama ba shi da wurin tsayawa ya huta. Matarsa Afiniki ce ta ajiye muciya.

"Malam, na sama rai ne, na ƙasa buhun citta?"

 In nauyin rai ne ma'aunin albashi, wa ya riƙe ma'aunin sa'ad da aka zo kan Kumai? Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Kunnen hagu ya mutu, ƙarar ƙarfe ta cinye shi. Ya roƙi a rubuta shi mai duba ƙafafun jirgi kafin ya tafi, don fansho ya bi aikin da ya yi. Wani akawu ya ce ba shi da satifiket, takardar tana nan kwance a tebur. In wata ya ƙare ba a sa hannu ba, lebura zai koma gida, da fanshon da ba zai riƙe su shi da Afiniki ba.

Baba Kumai, kai ne mai kunnen da ya fi idon ofisa. Kai ne ka sha zagi muka ci Kirsimeti a gida. Mun gode, Ubangiji ya saka maka. Wancan mai kwat ɗin kuma yana neman gafara, ko da yake ya makara da shekara uku.

Matasan tasha, ku koyi zaman nan a kan layi. Mu kuma da muka iya ihu ta taga, akwai wasiƙar roƙo kan takardar Baba Kumai a shagon Wilfred mai ɗinki, bakin tasha, tana jiran sa hannu kafin ran Juma'a. Masu ofis satifiket suke nema. Ku zo mu nuna musu: mu ne satifiket ɗinsa, muna tafiya da ƙafafunmu.