Mabuɗin Rahila

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne, lokacin da Abuja ke ta tsiro da gine-gine, muna da ɗan ofis a saman wani shago a Gudu, muna haɗa manhajar tura wa masu ciki saƙo a Karu da Kurudu. Aikin duk yana ajiye a intanet, wurin da muke kira rumbu, kuma ni ke ba da mabuɗi, wato izinin shiga a yi gyara.

Rahila 'yar Kafanchan ce, teburinta na jikin nawa. Hausarta kowa namiji ne, har ita kanta, amma ka bar harafi ba ƙugiya ka ga masifa. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Na kasa cire sunanta daga masu mabuɗin rumbu, kullum sai in ce gobe.

Wata la'asar, ruwa ya ɗauke, rana ta shigo ta taga ja-ja, ni kaɗai ina gyangyaɗi, sai ga sabon gyara ya shigo rumbu. Inda na rubuta "idan kin ga alamar bari, je asibiti," an mayar da shi ɓari. A ƙasa an sa: "Oga ka sake mantawa, Rahila ya gyara."

Innalillahi! Kwamfutarta fa tana akwati wajen mahaifiyarta. Amma ban ji tsoro ba, daɗi na ji, kamar na farka na tarar ba a yi mutuwar ba. Sati biyu muna aiki haka.

Da mai kamfani ya gani, ya ce ɓarawo ne ya samu mabuɗin, in cire sunan kafin Litinin ko in nemi wani aikin. Ga iyali, ya zan yi?

Ranar Juma'a bayan masallaci na zauna na danna wurin cire sunanta. Na'ura ta tambaya ko na tabbata, na ce e. Sai kujerar gefena ta ja baya a hankali, yadda mutum ke yi in ya tashi aiki, ƙofa ta buɗe ta rufe ba ƙara.

Har yau ban san mene ne ba, amma ji nake ni na kore ta, ko sannu da aiki ban ce ba. Ku da ke riƙe da mabuɗin wasu, don Allah kafin ku goge sunan mamaci, ku buɗe baki ku yi masa godiya.